Ledar Takardun Majinyaci: Tambayoyi da Amsoshi kan Ciwon Ƙoda da Bincike da Bayanan Asibiti

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci ganin likitan ƙoda a Kano ya san ledar nan. Baƙar leda ce ko tsohon ambulan, cike da takardu: sakamakon gwajin jini daga wani ɗakin gwaji na kan titin Zariya, hoton ciki daga wani asibitin kuɗi, katin asibitin gwamnati da ya soma yagewa, ga rasiɗan magani. Likita ya baje su a kan tebur yana laluben kwanan wata. Tarihin ciwon gaba ɗaya a ledar yake, ran da ta ɓata kuwa ya ɓata ke nan. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda majinyata da masu jinya ke yi ne idan aka ce musu za a yi bincike da abin da ke cikin fayilinsu.

Me ake nufi da bincike da bayanan lafiya? Wani sabon magani za a gwada a jikina?

A'a. Gwajin sabon magani daban, wannan daban. A nan abin da aka riga aka rubuta ake dubawa: shekarunka, awon jininka, sakamakon fitsari, magungunan da aka ɗora ka a kai, ranar da ka fara zuwa da yadda aka ƙare. Fayil ɗaya labarin mutum ɗaya ne. Amma in aka jera fayil dubu biyar, sai a soma ganin abin da likita ɗaya ba zai taɓa gani daga kujerarsa ba, ko da ya shekara talatin yana aiki: daga wace unguwa ko ƙaramar hukuma aka fi zuwa, a wane mataki ciwon yake lokacin da ake isowa, waɗanne ne ƙodarsu ke saurin lalacewa, su wa suka daina dawowa.

Me ya sa ake ta maganar ƙoda, alhali ga cututtuka nan birjik?

Hausawa sun ce jiki magayi, to amma ƙoda ba ta cika faɗa ba. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa, yana cin tuwonsa, bai ji komai ba. Kafin kumburin ƙafa da fuska, da amai, da kasala, da ƙaiƙayin jiki su bayyana, sau da yawa aikin gama ya gama. Masana sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 850 ne ke da wani nau'i na ciwon ƙoda a duniya, kuma mafi yawansu ba su sani ba.

Akwai kuma wani dalili. Ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai daɗewa da gwaji guda. Sai matsalar ta wuce wata 3 tana nan. Ke nan dole a samu sakamako biyu ko fiye, a kwatanta na yau da na baya. Ciwo ne da asalin gano shi ya rataya a kan ajiye rubutu. Mai hawan jinin da aka yi wa gwaji bara a Asibitin Murtala, bana ya je Asibitin Nassarawa, baɗi kuma a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, in babu mai haɗa takardun nan uku, kowane likita sabon baƙo yake gani.

Waɗanne lambobi ne ake kallo?

Biyu ne manya. Na farko daga jini yake. Ana auna wani datti da tsoka ke fitarwa mai suna kiriyatinin, a haɗa shi da shekarun mutum da jinsinsa, a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. A takardar sakamako za ka ga an rubuta eGFR. Idan ya sauka ƙasa da 60 ya zauna a nan fiye da wata 3, akwai ciwo. Idan ya gaza 15, an shiga mataki na 5, na ƙarshe, inda ake soma maganar wankin ƙoda ko dashe. Na biyu daga fitsari yake: ana duba ko furotin na zurarewa. Lafiyayyar ƙoda ba ta barinsa ya fita sai ɗan kaɗan. Gwajin fitsarin ya fi araha, yakan kuma nuna matsala tun kafin na jini ya motsa, amma shi aka fi mantawa da shi.

Ga misalin abin da tara bayanai ke haifarwa. A 2011 wasu masu bincike a Kanada suka bi fayilolin dubban majinyata, suka fitar da wani lissafi mai buƙatar abu huɗu kacal: shekaru, jinsi, da lambobin nan biyu. Da su ake ƙiyasta yiwuwar ƙodar mutum ta gaza nan da shekara 2 ko 5. Amfaninsa a gari irin Kano a fili yake. Ƙwararrun likitocin ƙoda ƙalilan ne, masu hawan jini da ciwon suga kuwa ba sa ƙirguwa. Dole a san wanda za a tura wa ƙwararre da gaggawa da wanda likitan asibitin unguwa zai ci gaba da dubawa.

To ai Turawa sun riga sun yi binciken. Me zai hana mu ɗauko nasu kawai?

Muna ɗauka, kuma da yawa yana yi mana aiki. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan an daɗe da tabbatar da cewa suna rage zubar furotin. Manyan gwaje-gwajen da aka fitar a 2020 da 2022 sun nuna cewa dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda asali don ciwon suga aka yi su, suna jinkirta lalacewar ƙoda har ga wanda ba shi da suga. Wannan ilimi ne na kowa.

Sai dai da ɗan gari akan ci gari. Lissafin eGFR ɗin nan a Amurka aka gina shi, da jikin mutanen can. Shekaru da yawa ana ƙara wa baƙar fata maki a cikinsa, bisa zaton cewa ya fi tsoka, abin da ke sa ƙodarsa ta yi kamar ta fi lafiya a takarda. Sai a 2021 aka cire wannan ƙarin. A 2022 kuma wani bincike da aka yi a Malawi da Yuganda da Afirka ta Kudu, inda aka auna aikin ƙoda kai tsaye aka kwatanta da lissafin, ya nuna cewa lissafin na yawan kambama ƙarfin ƙodar 'yan Afirka. Ma'ana akwai masu ciwo da takarda ke wankewa. Ka tuna kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a kasuwar Singa da tsohuwar da ta rame a ɗaki na iya samun lamba ɗaya, alhali ƙodarsu ba ɗaya ba ce.

Sannan ga gado. A 2010 aka gano cewa wasu sauye-sauye a wata ƙwayar gado mai suna APOL1 na ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Sun yawaita a Afirka ta Yamma ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Abin da ya ceci kakanni shi ke cizon jikoki. An daɗe ana ɗauka cewa sai wanda ya gaji sauyin ta wajen uwa da uba duka ke cikin haɗari, domin haka binciken baƙaƙen Amurka ya nuna. A 2024 aka fitar da sakamakon binciken mutum sama da 8,000 a Najeriya da Ghana, aka ga ko ta ɓangare ɗaya mutum ya gada, haɗarinsa ya ɗan ƙaru. Da ba a zo an ƙirga namu ba, da har yanzu ana nan a kan tsohon zance.

Kuma fayilolin Landan ba za su gaya mana komai game da sikila, ko tsargiyar da yara ke kwasowa a ruwan noman rani, ko jijjiga da zubar jinin haihuwa, ko amai da gudawa ba. Duk waɗannan suna taɓa ƙoda, kuma a nan suke.

Ana cewa ruwan sha ne ke kawo ciwon ƙoda a Gashuwa da Haɗeja. Binciken bayanai zai iya raba gardama?

An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a yankin Gashuwa ta jihar Yobe da Haɗeja ta jihar Jigawa, kuma da yawa daga cikin majinyatan, Kano ake kawo su. Zarge-zarge sun yi yawa: wasu su ce ruwan kogi da dattin masana'antu, wasu maganin feshi, wasu zafin rana, wasu gado. Ƙirga waɗanda suka iso asibiti shi ne matakin farko, amma shi kaɗai ba ya nuna sanadi, don asibiti yana ganin wanda ya samu kuɗin mota ne kawai. Raba gardama na buƙatar a bi gida-gida a gwada masu lafiya da marasa lafiya, a rubuta sana'ar kowa da inda yake ɗiban ruwa, a auna ruwan da ƙasar, sannan a dawo bayan shekara a sake gwada mutanen nan dai.

An ga irin wannan a wasu ƙasashe. A Sri Lanka manoman shinkafa ne, a Nikaragua da El Salvador masu saran rake ne, matasa majiya ƙarfi da ba su da suga ko hawan jini, ƙodarsu na gazawa. A gonakin raken, da aka riƙa gwada ma'aikata kafin kakar sara da bayanta, sai aka ga alaƙa da aiki cikin tsananin zafi. Da aka tsara musu ruwa da hutu da inuwa, raunin ƙodar ya ragu. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ya dace a ce wani na bin lafiyar ƙodar masu buga bulo, da 'yan dako, da manoman rani na Kura da Kadawa.

Akwai lokacin da ƙirga majinyata ya taɓa ceton rai nan take?

Kanawa ba su manta da 2021 ba, gab da azumi, lokacin da mutane daga unguwanni daban-daban suka riƙa zuwa asibiti da fitsarin jini da amai, wasu ƙodarsu ta tsaya, wasu suka rasu. Bincike ya kai ga kayan haɗa lemo, hukumar NAFDAC kuma ta ce wani sinadarin masana'anta ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. A Gambiya a 2022 likitocin yara ne suka lura cewa ƙananan yara masu gazawar ƙoda sun yi yawa fiye da kima. Aka bi sawu har zuwa wasu magungunan tari da mura na ruwa masu guba, bayan yara kusan 70 sun rasu. A irin wannan hali kowace kwana ɗaya rai ce. Asibiti ɗaya ya ga mutum uku, wani ya ga huɗu, kowa na ɗauka tsautsayi ne. Sai an haɗa lissafin a wuri guda ake gane annoba ce.

Likita ya tambaye ni ko ina shan jiƙo ko maganin kemis. In na faɗa, faɗa zai yi mini.

Faɗa masa, Malam, ko da zai ɓata rai. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake zubawa cikin haɗin gajiya a sha kullum da dare, suna cutar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Wasu mayukan bilicin na ɗauke da sinadarin makuri, shi ma haka. Jiƙe-jiƙe da tsimi kuwa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma ba za a taɓa tantance mai illa da marar illa ba in kowa na ɓoyewa. Laifin ba na majinyaci kaɗai ba ne. Ma'aikacin da ya yi tambayar da tsawa, “a'a” zai samu, ya rubuta “a'a”, bayan shekara biyar mai bincike ya zo ya ƙirga ƙarya.

Mu a Kano an taɓa cin amanarmu da sunan bincike. Me ya sa za mu yarda yanzu?

Tambaya ce mai tushe, kuma duk mai binciken da ya yi mata kallon jahilci bai san garin ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da ya canza shi ne yanzu akwai dokokin da za ka kafa hujja da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, ta kuma ce bincike sai da amincewar kwamitin da ke duba halaccinsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kafa hukumar da ake kai wa ƙara. In za a ɗebi jininka don bincike, ko a yi maka tambayoyi, ko a riƙa bibiyarka da sunanka, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, ka amince, ka sa hannu ko ka dangwala.

Amma kada a rufe ka: idan an cire duk abin da zai nuna ko kai wane ne, doka ta ba da damar a yi nazarin tsofaffin fayiloli ba tare da an bi kowa gida an tambaye shi ba. A ganina wannan daidai ne, don da yawa daga cikin masu fayilolin sun rasu ko sun ƙaura, kuma in aka ƙirga waɗanda aka samu kaɗai, sakamakon zai karkace. Sharaɗin shi ne a riƙe amanar da gaske. Doka a takarda ba ta hana wani ɗaukar hoton fayil da waya ya tura ta WhatsApp. Wannan sai tarbiyyar ma'aikata da hukunci.

In aka zo maka da takardar neman izini, tambayi abu uku: wane kwamiti ne ya amince, ina za a kai jinin ko bayanan, kuma wa zai dawo ya gaya mana abin da aka gano. Ta ukun ce aka fi saɓawa.

In an cire sunana, shi ke nan ba mai gane ni?

Galibi haka ne, amma ba kullum ba. In aka rubuta cewa wata mace 'yar shekara 34 daga wani ƙaramin ƙauye an yi mata dashen ƙoda a wata kaza, duk ƙauyen sun san ta. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ke dunƙule shekaru zuwa rukuni, ya rubuta ƙaramar hukuma maimakon unguwa. Abin ba wasa ba ne a wurin da labarin ciwo ke iya fasa aure ko ya hana mutum aiki.

In na ce ban yarda ba, za a daina duba ni?

A'a. Ƙin shiga bincike bai taɓa haƙƙinka na magani ba, kuma ko ka shiga kana iya fita.

Mahaifinmu ya riga ya fara wankin ƙoda. Wane amfani wannan zai yi masa?

Allah Ya ba Baba lafiya. Gaskiya mafi yawan amfanin na waɗanda ke tafe ne, amma akwai nasa. Ƙa'idar wankin ƙoda sau 3 ne a mako, kimanin awa 4 kowane zama. Kowa ya san 'yan kaɗan ne ke iya biyan haka. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara rahotannin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, ya gano cewa cikin manyan da suka fara wanki saboda gazawar ƙoda ta dindindin, kusan 1 cikin 10 ne kawai ke kai wata 3 suna yi. Sauran kuɗi ne ke ƙarewa, bayan an sayar da fili da awarwaro. Irin wannan alƙalami shi ake ɗorawa a gaban gwamnati da hukumomin inshorar lafiya. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko ragin ya sa mutane na daɗewa a kan wanki, rubutu ne kaɗai zai nuna.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗakin wankin kansa: mutum nawa ke samun zazzaɓi daga robar da ake sa wa a wuya ko cinya, nawa aka yi wa aikin haɗa jijiya a hannu wanda ya fi aminci, nawa suka kamu da ciwon hanta, nawa ke fama da ƙarancin jini. Amurka na da rajistar masu gazawar ƙoda tun 1988, Birtaniya tun 1995, inda kowace cibiya ke ganin matsayinta kusa da na sauran. Cibiyar da ta ga tana baya takan gyara. Asibitin Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002, wato akwai tarihin fiye da shekara ashirin da za a koya daga gare shi, har da lafiyar 'yan uwan da suka ba da ƙodarsu, waɗanda su ma ya kamata a ci gaba da dubawa.

Asibitocinmu da yawa da biro da takarda suke aiki. Ba sai an samu kwamfuta ba tukuna?

Kwamfuta na taimakawa, amma shara in ta shiga kwamfuta shara ce. Matsalolin da suka fi cin rai ƙanana ne. Musa Ibrahim nawa ne a Kano? Mutum ɗaya na da kati uku a asibiti ɗaya saboda kullum na baya ya ɓata. Ɗakin gwaji kaza na rubuta kiriyatinin da wani ma'auni, na gaba da shi da wani, lambar da ke nufin lafiya a wannan takarda ta zama abin tsoro a waccan. Ga shekaru: lissafin eGFR na buƙatarsu, dattijo kuma ya ce shi dai an haife shi shekarar zuwan Sarauniyar Ingila. Ma'aikacin da ya san cewa 1956 ke nan ya fi wanda zai dubi furfura ya rubuta 60. Littafin rajista guda da ake cikewa da kyau, da lambar da ke bin mutum duk asibitin da ya je, sun fi na'urar da ke jiran wuta.

Mai ciwon ƙoda zai iya azumi?

Ba amsa ɗaya ga kowa. Wanda ciwonsa ke matakin farko kuma ya daidaita, sau da yawa likita kan bar shi ya yi da sharuɗɗa. Wanda ya kai mataki na 4 ko na 5, ko lambobinsa ke sauka da sauri, galibi akan shawarce shi ya bari, addini kuma ya yi wa marar lafiya rangwame. A ga likita tun cikin Sha'aban, a yi gwaji kafin azumi da cikinsa, a gyara lokutan shan magani. Da asibitoci za su riƙa ajiye sakamakon nan na kafin azumi da bayansa, da likitan Kano ya samu amsar da ta dace da zafin Kano.

Ni da ba likita ba, me ke hannuna?

In kana da hawan jini, ko suga, ko sikila, ko akwai mai ciwon ƙoda a gidanku, ko kin taɓa jijjiga lokacin goyon ciki, nemi gwajin jini da na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada ka tsaya a kan “ba komai”. Ce wa likita ya faɗa maka lambar, ka rubuta ta da kwanan wata a littafi ɗaya. Riƙe kati ɗaya, suna ɗaya, rubutu iri ɗaya. In majinyacinku ya koma wani asibiti, ko ya daina wanki, ko Allah Ya yi masa rasuwa a gida, a daure a sanar da inda yake zuwa, don fayil da yawa a “bai dawo ba” suke tsayawa. Takardun cikin ledar kuma a jera su daga tsoho zuwa sabo, a ɗauki hoton kowace da waya, a tura wa wani ɗan uwa ya ajiye.